Zamanin da Maraɗi ta taka rawar Jemis Burawun

In ana ba da tarihin Maraɗi, ana farawa da Katsinawan da suka baro gida bayan jihadi, a biyo ta kan Gobirawan da suka kafa Tibiri a 1836, a zo ga ambaliyar 1945 wadda ta sa gari ya hau tudu. Daga nan sai gyaɗa da alhazai. Ba a cika tambayar abin da samarin lokacin suke saurare ba. Ni kuwa na tambayi tsofaffin gidanmu da na maƙwabta, kuma sunayen da suka fito sun haɗa da Otis Redding, Aretha Franklin, Wilson Pickett da James Brown.

Ta ina waɗannan suka shigo? Hanya ta farko radiyo ce. Ƙaramar radiyo mai pil ta bazu bayan samun ƴancin kai a 1960, kuma daga 1965 Georges Collinet, haifaffen Kamaru, yana gabatar da shirin safe na Faransanci a Muryar Amurka, inda yake saka kiɗan baƙaƙen fatar can. Ta biyu ƴan lakwal ne da ke dawowa hutu daga Yamai da faifai cikin akwati, har da na Johnny Hallyday. Ta uku ita ce hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano, wadda fatake ke bi kullum. Kuɗin gyaɗa ne ya biya duka, domin a waɗannan shekaru Maraɗi cibiyar cinikinta ce.

Ku dubi shekarun. A 1967 Aretha ta fitar da "Respect". A watan Disamba na shekarar Otis Redding ya mutu a haɗarin jirgin sama yana da shekara 26. A 1968 aka kashe Martin Luther King, James Brown kuma ya yi waƙarsa ta alfahari da baƙar fata, ya kuma je Abijan. Kudu da mu, yaƙin basasar Najeriya na ci daga 1967 zuwa 1970. Saurayin da ƙasarsa ba ta kai shekara goma da fita hannun Faransa ba, ya ji muryar baƙin mutum tana tsawa daga ƙetaren teku, ai ba sai an fassara mishi ba.

A nan ne abin ya taɓa karatuna. Kusan duk waɗanda na zanta da su ba su jin Ingilishi. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe babu wasali, shi ya sa James Brown ya koma Jemis Burawun a bakinsu, "disque" ya koma diski. Wani kakana na wajen uwa yana iya rera waƙar Otis daga farko har ƙarshe, sautin daidai, kalmomin kuwa nashi ne. Wallahi in ka ji, sai ka ce wani harshe ne na uku.

Kada mu ƙara gishiri. Abin na ƴan birni ne, ƴan lakwal da ƙananan ma'aikata masu zuwa bal daren Asabar da wando mai faɗin ƙafa. A Tibiri tambura da algaita ke da fada. A Jiratawa dandali na kalangu ne, kuma a radiyo Shata ake jira. Wata tsohuwa can ta ce mini su kallon mahaukata suke yi wa masu rawar.

Fari ya kashe gyaɗa, Kunce ya kifar da Diori a Afrilun 1974, kasat ya ture faifai. Gari kuma ya canza, har ta kai a Nuwamban 2000 aka farfasa mashaya a Maraɗi lokacin zanga-zangar adawa da bikin FIMA. Yau da yawa cikin masu rawar nan alhazai ne masu furfura, ba su so jikoki su sani. Wasunsu ma su ne ke faɗa in sun ji muna sauraren rap.

Ban ce a dawo da bal ba. Amma zafi ya lanƙwasa faifan, gara ta ci hotunan, masu labarin kuma sun haura saba'in. Kowanenmu yana da salula mai ɗaukar murya. Wannan hutun, a zauna da tsoho bayan isha'i, a gaishe shi da kyau, a tambaye shi wa yake saurare yana ɗan shekara ashirin.