Alamci ko Saƙar Hali: Waiwaye a Kan Koyar da Ƙagaggun Labarai a Sakkwato

Tsakure: Maƙalar ta duba yadda kayan feɗe waƙa suka mamaye nazarin zube, ta kuma nuna da hujjar littafin Shaihu Umar cewa farautar alamci kan rufe wa ɗalibi ido daga saƙar halin taurari.

Sakkwato garin waƙa ne tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u, don haka nazarin adabi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ya yi ƙarfi ainun ta wannan fanni. Ayyukan Abdullahi Bayero Yahya a kan jigo da salo, da mazhabar Abdulƙadir Ɗangambo ta Kano, sun ba ɗalibi wuƙa mai kaifi: jigo da warwararsa, zubi da tsari, kamance, jinsarwa, alamci. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauki wuƙar nan aka nufi ƙagaggen labari da ita. Waƙar wa'azi tana da saƙo guda da mawaƙi ya nufa tun daga basmala. Labari kuwa sau da yawa amfaninsa yana wurin da marubuci ya ƙi yanke hukunci.

A ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Mai neman alamci zai ce hamada jarrabawa ce, guguwar da ta binne ayari hukuncin Allah ne a kan fataucin bayi, shi ke nan ya ci maki. To, ina zai sa Abdulkarim? Balaraben nan falken bayi ne, shi ne kuma ya riƙi Umar riƙon ɗa, ya ba shi ilimin da ya mai da shi Shaihu. Umar kansa ya biyo ayarin bayin ba tare da ya yi tawaye ba, alhali bauta ce ta lalata rayuwar mahaifiyarsa da ta fito nemansa. Alheri da zalunci a jikin mutum ɗaya, marubuci bai raba su ba. Wannan nake kira saƙar hali, kuma babu wata alama da za ta ɗauke ta.

Za a ce ai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a kan alama aka gina shi. Gaskiya ne, ruwan yana ɗaukar fassara. Amma abin da mai karatu ke tunawa shi ne ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, inda tauraron ma maƙaryaci ne. Za a kuma ce alamci ya fi sauƙin gwadawa a jarrabawa, musamman a aji mai cunkoso. Wannan uzuri ne na mai duba takarda, bai shafi littafin ba.

Malamin zube ya fara tambayar ɗalibi abin da Abdulkarim ya aikata da dalilinsa, kafin ya tambaye shi ma'anar hamada.