Haɗuwar Tituna da Yaɗuwar Gari: Nazari a kan Maraɗi

A shekarar 2020, masu bincike Barrington-Leigh da Millard-Ball sun auna titunan garuruwan duniya bisa taswirar OpenStreetMap, inda suka nuna cewa yawancin sababbin unguwanni na rasa haɗuwar tituna, wato yawan mararraba da ke ba mai tafiya zaɓin hanyoyi, yayin da lungunan da ba su ɓullewa ke ƙaruwa. A ma'auninsu, wannan ne alamar yaɗuwar gari barkatai. Sai dai Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ta nuna cewa gari na iya bazuwa ƙwarai alhali taswirarsa cike take da mararraba.

Tsohon garin, wanda Katsinawan da suka baro ƙasarsu bayan jihadi suka raya a fadamar Gulbin Maraɗi, ambaliyar 1945 ta rushe shi, sai Faransawa suka mai da mazauna kan tudu, suka shata musu miƙaƙƙun tituna masu gitta juna. Wannan tsari ne aka ci gaba da shimfiɗawa yayin da jama'a ta tashi daga kimanin 44,000 a ƙidayar 1977 zuwa sama da 260,000 a ta 2012, kuma da yake gulbi ya tare yamma, garin ya hau gonakin tudu.

Abin da ke tura shi gaba shi ne yankan filaye, domin sayar da su babbar kafar kuɗin shiga ce ga hukumar gari, kuma ga ɗan kasuwa fili ajiyar dukiya ne, ko ya gina ko bai gina ba. Saboda haka ake shata titi tun kafin a sami mai bin sa, filaye su daɗe ba kowa, famfo da lantarki kuwa su zo daga baya, in sun zo. Titin da taswira ta ƙirga yawanci rairayi ne, wanda zaizayar damina ke yankewa, har ɗan kabu-kabu ya koma kan 'yan titunan kwalta da kowa ke cunkoso a kansu.

Ma'aunin bai yi ƙarya ba, amma siffar zane kaɗai yake gani. A garuruwa irin Maraɗi dole a haɗa shi da yawan filayen da aka gina da kuma yawan titunan da ke biyuwa a watan Agusta.