Hawan keke a yankin Alpujarra

Alpujarra yanki ne na karkara da duwatsu a kudancin Sifaniya, cikin jihar Andalusiya. Ya shimfiɗu a gangaren kudu na tsaunukan Sierra Nevada, ɓangarensa na yamma a lardin Granada, na gabas kuma a lardin Almería. Marubutan Larabawa na kiransa al-Busharat. Yankin ya yi suna a wajen masu hawan keken titi saboda dogayen hawa, ƙarancin motoci, da fararen ƙauyukan da ke manne a jikin tsauni. Kusan babu shimfiɗaɗɗen titi a cikinsa: mai keke ko dai yana hawa, ko yana gangarawa. A yau kuɗin da baƙi ke kashewa na cikin abubuwan da ke riƙe da ƙauyukan, waɗanda suka daɗe suna rasa mazaunansu.

Yanayin ƙasa

Daga arewa Sierra Nevada ce ta yi wa yankin katanga. A nan ne tsaunin Mulhacén yake, mai tsayin kusan mita 3,480, wanda babu wanda ya kai shi tsayi a duk tsibirin Iberiya. Kusa da shi akwai Veleta mai kusan mita 3,400. Daga kudu kuma duwatsun Lújar da Contraviesa sun raba yankin da Bahar Rum. Tsakanin waɗannan katangu biyu kogin Guadalfeo ke gudana a yamma, kogin Andarax kuma a gabas. Ƙananan koguna irin su Poqueira da Trevélez suna gangarowa daga ƙanƙarar tsauni, sun yanka kwazazzabai masu zurfi. Shi ya sa titunan suke da yawan kwana: dole hanya ta shiga cikin kowane kwazazzabo ta fito kafin ta kai ƙauye na gaba. Ƙauyen da ake hangowa kamar a miƙa hannu a taɓa yana iya zama tafiyar kilomita da dama.

A ƙasan kwari ana noman zaitun da lemo, a Contraviesa inabi da ɓaure da almon, a sama kuma akwai dazuzzuka da makiyaya. UNESCO ta sanya Sierra Nevada cikin wuraren da ake kare halittunsu a 1986, sannan aka mayar da saman tsaunin gandun ƙasa a 1999.

Tarihi

Mutanen da suka zauna a nan zamanin Andalus su ne suka sassaƙa gangaren tsauni ya zama gonaki hawa-hawa, suka kuma ja masa ruwa. A ƙarƙashin daular Nasiriyawa ta Granada yankin ya shahara da siliki. Sunan Mulhacén ma ya samo asali ne daga Sarki Abul Hasan Ali, wanda Sifaniyawa ke kira Muley Hacén.

Bayan ɗansa Abu Abdullahi, wato Boabdil, ya miƙa Granada ga Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella ranar 2 ga Janairu 1492, an ba shi filaye a Alpujarra. Ya zauna a Laujar de Andarax, amma a 1493 ya ƙetare zuwa Maroko. Musulmin yankin sun yi tawaye tsakanin 1499 da 1501, daga nan aka tilasta musu karɓar Kiristanci, aka riƙa kiransu Morisko. Da Sarki Philip na II ya haramta musu harshen Larabci da tufafinsu da al'adunsu, sai wani yaƙin ya ɓarke a 1568 ƙarƙashin jagorancin Aben Humeya na ƙauyen Válor. Dakarun Don Juan na Austria suka murƙushe tawayen, yaƙin ya ƙare a 1571. An kwashe Morisko kimanin 80,000 daga masarautar Granada aka warwatsa su a sauran sassan ƙasar, aka kawo Kiristoci daga wasu larduna suka gaji gidajen da gonakin. Sababbin mazaunan sun ci gaba da amfani da tsarin gini da na ban ruwa da suka tarar, kuma shi ne abin da baƙo ke gani har yau.

Manyan hanyoyin keke

Yawancin masu zuwa daga birnin Granada suna shigowa ta Lanjarón, tafiyar kimanin kilomita 45, sannan su bi titin A-348 zuwa Órgiva, babban garin yammacin yankin. Órgiva tana kan tsayin kimanin mita 450, kuma daga nan akasarin hanyoyin suke tashi.

Hawan Poqueira. Ana bin titin A-4132 daga Órgiva zuwa Pampaneira, mai tsayin kimanin mita 1,060, sannan a ratse zuwa Bubión da Capileira, wadda ta haura mita 1,400. Tafiyar kimanin kilomita 20 ce, ana ƙara tsayin kusan mita 1,000, wato kusan mita 5 a kowane mita 100 na titi. Hawan ba mai tsanani ba ne, tsawonsa ne ke gajiyarwa. Gasar Vuelta a España, babban tseren keken Sifaniya, ta kammala zangonta na bakwai a nan a 2015, kuma ɗan ƙasar Holan Bert-Jan Lindeman ne ya lashe shi. Gaba da Capileira kwalta tana ƙarewa, sai hanyar ƙasa wadda ta fi dacewa da keken dutse.

Zagayen Trevélez. Wanda bai ratse zuwa Capileira ba zai ci gaba ta Pitres, Pórtugos da Busquístar har Trevélez, mai tsayin kimanin mita 1,476, ɗaya daga cikin ƙauyuka mafiya tsayi a Sifaniya. Daga nan hanya ta bi ta Juviles da Bérchules ta gangara Cádiar, sai a juyo ta Torvizcón a koma Órgiva. Zagayen ya kusa kilomita 100, kuma masu ƙarfin ƙafa kan gama shi a yini ɗaya, wasu kuma su kwana a hanya.

Contraviesa. Titunan da ke kudu da kogin Guadalfeo sun fi ƙanƙanta, sun kuma fi shiru. Suna hawa ta cikin gonakin inabi da almon zuwa mashigar Haza del Lino mai kusan mita 1,300. Daga can ana ganin ƙanƙarar Sierra Nevada ta gefe ɗaya, teku ta ɗaya gefen. Ranar da sarari ya yi garau akan hango duwatsun Rif na Maroko. Inuwa da ruwa ba su da yawa a wannan ɓangaren.

Mashigar Ragua. Titin A-337 shi ne mai kwalta da ya tsallaka tsakiyar Sierra Nevada daga kudu zuwa arewa. Yana tashi daga Cherín ta Laroles, hawan sama da kilomita 20 har tsayin mita 2,000, sannan ya gangara La Calahorra, inda akwai wata ganuwa da aka gina tsakanin 1509 da 1512. Dusar ƙanƙara kan rufe mashigar da hunturu.

Shahararren titin Veleta, wanda ake ɗauka a matsayin kwalta mafi tsayi a Turai, ba a cikin Alpujarra yake ba. Yana ɓangaren arewa ne, daga birnin Granada ake hawansa. A wannan ɓangaren ne kuma akwai cibiyar horar da 'yan wasa a tsayin mita 2,320, inda ƙwararrun 'yan tseren keke ke zuwa domin jikinsu ya saba da ƙarancin iska.

Abubuwan gani

Gidajen Alpujarra sun yi kama da na Abzinawan duwatsun Atlas na Maroko. Ana gina su da dutse, a shafa musu farar ƙasa. Rufinsu shimfiɗaɗɗe ne irin na soro: ana jera katako da fale-falen dutse, a daɓe da wani yumɓu mai ruwan toka da ake kira launa, wanda ba ya barin ruwa ya ratsa. Lungunan ƙauyuka ƙanana ne, wasu a rufe ta sama, ana kiran irin wannan rumfa tinao. An ayyana Pampaneira da Bubión da Capileira a matsayin wuraren tarihi a 1982. A kasuwanninsu ana sayar da jarapa, dardumar da ake saƙawa da tsummoki masu launi.

Lanjarón ta shahara da maɓuɓɓugan ruwa da gidan wanka na neman lafiya, kuma ruwan kwalba mai sunanta ya bazu a faɗin ƙasar. A daren 23 ga Yuni mutanen garin kan fito su yi ta watsa wa juna ruwa a bikin San Juan. Kusa da Pórtugos akwai maɓuɓɓugar Fuente Agria, wadda ƙarfen da ke cikin ruwanta ya rina duwatsu ja. Ƙauyen Bérchules na bikin sabuwar shekara a watan Agusta, al'adar da ta samo asali daga ɗaukewar wutar lantarki da ta ɓata musu bikin ƙarshen 1994. A Yegen marubucin Ingila Gerald Brenan ya zauna daga 1920, ya kuma bayyana rayuwar ƙauyen a littafinsa South from Granada na 1957.

Trevélez ta yi suna da busasshen naman alade da ake shanyawa a iskar tsauni. Sanannen abincin yankin, plato alpujarreño, ya ƙunshi dankali da ƙwai da naman alade iri-iri, don haka wanda ba ya ci yakan tambaya kafin a zuba masa. Akwai kuma soplillos, alawar almon da farin ƙwai da ake dangantawa da zamanin Morisko.

Ruwa da makomar ƙauyuka

Magudanan ruwa da ake kira acequia, daga kalmar Larabci as-saƙiya, su ne jijiyar yankin. Wasu daga cikinsu ba gona suke kai ruwa ba. Suna ɗauko narkakkiyar ƙanƙara da bazara su zuba ta a wuraren da ƙasa ke shanyewa, ruwan ya bi ta ƙarƙashi a hankali, ya ɓullo a maɓuɓɓugan ƙauyuka lokacin zafi. Famfunan da mai keke ke cika gorarsa a dandalin ƙauye da yawansu da wannan tsari suka dogara.

Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 matasa suka yi ta ƙaura zuwa birane da ƙasashen waje. Magudanan kuwa sai an yashe su kowace shekara da aikin gayya. Inda babu masu yi sukan toshe, gonakin hawa-hawa su rushe, busasshen daji ya ƙara haɗarin gobara. Masu keke suna da wani amfani na daban ga ƙauyukan: sun fi zuwa a watannin da sauran baƙi suka ragu, suna tsayawa a ƙananan wuraren da motocin yawon buɗe ido ke wucewa, suna cin abinci suna kwana. Sai dai cinikin ya fi taruwa a kwarin Poqueira da Trevélez, ƙauyukan gabas da na Contraviesa ba su cika samu ba.

Lokacin zuwa da dokokin hanya

Afrilu zuwa Yuni da Satumba zuwa Oktoba su ne lokutan da suka fi dacewa. A Yuli da Agusta ƙasan kwari na da zafi ƙwarai, masu keke kan fita da asuba. Da hunturu titunan ƙasa a buɗe suke, amma ƙanƙara kan daskare a kwanonin da rana ba ta kai wa. Ko da rani, doguwar gangara daga saman tsauni tana da sanyi, shi ya sa ake tafiya da rigar iska.

Dokar Sifaniya ta wajabta wa mai keke sa hular kwano a titunan wajen gari, da kunna fitila da dare da cikin ramin titi. An yarda mutum biyu su jera, amma inda ba a ganin gaba sosai sai su koma layi ɗaya. Direban da zai wuce mai keke dole ya bar tazarar aƙalla mita 1.5. Shagunan gyaran keke ba su da yawa a ƙauyuka, don haka ana tafiya da famfo da kayan faci, a kuma duba birki kafin a tashi. Shaguna da dama na rufewa da tsakar rana. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.