Tausa, Ɗori da Gashin Ƙashi Bayan Haɗarin Mota: Abin da Inshorar Dole Ke Biya

A Bauchi, wanda haɗarin mota ya rutsa da shi, ko a kan hanyar Jos, ko ta Gombe, ko ta Kano da ta bi ta Ningi, ko kuma a tsakiyar gari inda Keke Napep da babura ke cuɗanya da motoci, yakan sami kansa a hannun 'yan'uwa suna shawarar inda za a kai shi. Wasu su ce asibiti, wasu su ce gidan mai ɗori, wasu kuma su ce buguwa ce kawai, a nemo mai tausa. Inda aka fara kai shi yana da tasiri a kan yadda gaɓar za ta warke, haka kuma a kan ko zai sami kuɗin magani daga inshorar motar da ta buge shi.

Mece ce inshorar dole?

Tun shekarar 1945, zamanin mulkin mallaka, doka ta wajabta wa mai abin hawa a Najeriya ya yanki inshorar da ake kira ta ɓangare na uku. Ɓangare na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa shi ne mutumin da motar ta ji wa rauni ko ta lalata wa dukiya. A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sabuwar dokar garambawul ga harkar inshora, kuma wajabcin yana nan daram.

Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ce ke ƙayyade kuɗin. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 kuɗin ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, yayin da iyakar diyyar ɓarnar dukiya ta tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Rundunar 'yan sanda ta tsaurara bincikar wannan takarda a faɗin ƙasa daga ranar 1 ga Fabrairun 2025. Ga masu ƙyamar inshorar da aka saba saboda dalilin addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful.

Wa take biya?

Wannan inshora ba ta biyan mai motar kuɗin gyaran motarsa ko na jinyar kansa. Tana ɗaukar nauyin da doka ta ɗora masa ne idan laifin haɗarin nasa ne. Saboda haka mai tafiya a ƙasa, da mai keke, da mutanen da ke cikin ɗayar motar, duk suna iya neman haƙƙinsu. Iyakar naira miliyan 3 ɗin ta shafi dukiya ne kaɗai. Rauni da rasa rai ba su shiga ƙarƙashinta ba, ana lissafa su ne gwargwadon abin da aka tabbatar da hujja, kamar kuɗin asibiti, magani, aikin tiyata da jinyar da ta biyo baya. Kamfani ba ya biya da baki, sai da rahoton likita da rasit.

Matsayin tausa da gashi

Bayan an cire filasta ko an gama tiyata, gaɓa takan sandare, nama ya saki, tafiya ta gagara. Aikin sashen gashin ƙashi ke nan, kamar wanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Tausa ɗaya ce daga cikin dabarun masu wannan aiki, tare da motsa gaɓoɓi a hankali, gashi da zafi ko sanyi, da koya wa majinyaci tafiya da sanda. Hukumar rajistar masu wannan sana'a, MRTB, wadda aka kafa a 1988, ita ke ba su lasisi. Idan likita ne ya tura majinyaci wurinsu a rubuce, kuma an ajiye rasit na kowane zuwa, kuɗin yana shiga cikin lissafin jinyar da za a gabatar wa kamfanin.

Sai dai tausa tana da lokacinta. Ba a yin ta a kan sabuwar karaya, ko buɗaɗɗen rauni, ko wuya da gadon bayan da ba a ɗauki hotonsu ba, domin motsa ƙashin da ya tsage kusa da laka na iya jawo shanyewar jiki. Haka nan ƙafar da ta kumbura bayan doguwar kwanciya tana iya ɗauke da gudan jini a jijiya, wanda matsa shi kan iya tura shi zuwa huhu. Ciwon wuya na fizgar mota kuwa sau da yawa ba ya bayyana sai bayan sa'o'i ko washegari, don haka wanda ya tashi garau a wurin haɗari ma yana bukatar likita ya duba shi.

Ina mai ɗori?

Ɗori sana'a ce ta gado a ƙasar Hausa, kuma jama'a na zuwa wurin masu ita saboda kusanci, sauƙin kuɗi da tsoron yanke gaɓa a asibiti. Haɗarin yana wurin ɗaurin da ya yi tsauri. Idan an tamke kara a kan gaɓar da ke ci gaba da kumbura, jini kan daina gudu, nama ya mutu, ƙarshe a koma ga yankewar da ake gudu. Zafin da ke ƙaruwa, dindiris, da yatsun da suka yi sanyi ko suka canza launi, alamu ne na a kwance ɗaurin a garzaya asibiti nan take. Ta fuskar inshora kuma, mai ɗori da mai tausa na unguwa ba su cika ba da rasit ko rahoto ba, saboda haka abin da aka kashe a wurinsu yana da wuyar tabbatarwa.

A wasu ƙasashe an shigar da masu aikin hannu cikin tsarin. A Japan, inda inshorar dole ta samo asali daga dokar 1955, masu gyaran targaɗe da gocewar ƙashi da ke da lasisin gwamnati suna karɓar kuɗin jinya daga wannan inshora. Abin da ya ba su wannan dama shi ne horo, jarrabawa, rajista da rubuta bayanin kowane majinyaci.

Matakan neman haƙƙi

Tun ran gini ran zane. A kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a lamba 122, a kai wanda ya ji rauni asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. A rubuta lambar motar da sunan kamfanin inshorarta, a tabbatar da sahihancin takardar ta hanyar danna *565*11# a waya, domin takardun jabu suna da yawa. A sami rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfanin da wuri, a adana hoton ƙashi, katin asibiti da kowane rasit. Idan kamfani ya yi ta jan ƙafa, ana iya kai ƙara sashen korafe-korafe na NAICOM ko kotu.

Akwai kuma batun sulhu. Al'ada ce a wurin haɗari a taru a ba da haƙuri, a ce ƙaddara ce, wanda aka buge ya ce ya yafe. Yafe wa direba halin kirki ne, amma kuɗin jinyar daga kamfanin da aka riga aka biya domin irin wannan rana zai fito. Kada a sa hannu a takardar janye magana kafin likita ya faɗi girman raunin da tsawon gashin da zai bukata.