Wa ke auna tiyar likita?

A daminar bara ƴata ta uku ta kwana biyu jikinta rau da zafi. Na kai ta likitar unguwa a nan Ƙonni, aka soki yatsarta, aka ɗiga jini a 'yar farar robar nan da ma'aikata ke kira TDR, aka ce babu masassarar cizon sauro. Uwarta ba ta gamsu ba, ni ma haka. Da la'asar muka je wani ɗakin awo na kuɗi, muka biya, kafin magariba aka miƙo mana takarda: akwai masassarar sauro, akwai kuma taifot. Yarinya ɗaya, jini ɗaya, yini ɗaya, ga takardu biyu suna ƙaryata juna.

A kasuwa idan mutum ya yi shakkar tiyar mai hatsi, sai ya ɗauko tasa ta gida ya gwada. To, tiyar likita fa, wa ke auna ta? Wannan tambaya ce ta sa na shiga bin tarihin abin, kuma na tarar ya fi ƙuruciya fiye da yadda na zata.

Mu da muka tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Ƙonni da Illela mun san zamanin da awo shi ne tafin hannun majo a goshin yaro. Kowane zafin jiki masassara ce, kowace masassara nibakin ce maganinta. Wanda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a ce a tafi Galmi, asibitin mishan da aka buɗe a 1950, garin albasa da yanzu ke cikin gundumar Malbaza. A can ne da yawa daga iyayenmu suka fara ganin an ɗibi jinin mutum an leƙa shi da madubin likita. Tun daga lokacin takardar awo ta sami kwarjini a wurinmu, har ta zama abin da ba a yi wa musu.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru ne su masu madubin suka gano cewa takardarsu na yin ƙarya. A 1947 wasu likitoci biyu a Amurka, Belk da Sunderman, suka wallafa sakamakon wata jarrabawa da suka yi wa ɗakunan awo na jihar Pensilbaniya. Sun haɗa ruwa da hannunsu, sun san adadin sukari da gishiri da sauran sinadaran da ke ciki, suka rarraba wa ɗakunan suka ce kowa ya auna. Amsoshin da suka dawo sun sha bamban ƙwarai, da yawansu sun kauce wa gaskiya nesa ba kusa ba. Ɗakunan asibitoci ne, kuma kowanne na zaune da yaƙinin aikinsa daidai yake, don ba wanda ya taɓa gwada shi. Sunderman bai tsaya nan ba, ya ci gaba da aika irin wannan samfuri wata-wata shekara da shekaru. (Allah ya ba shi tsawon rai, sai da ya kai shekara 104.)

Malamai ƴan'uwana, mun san wannan dabara. Kafin a fara gyaran takardun jarrabawa, ana ba masu gyara takarda ɗaya kowa ya ba ta maki. Idan ni na ba da 14, kai ka ba da 8, ai matsalar ba ta ɗalibi ba ce.

A 1950, shekarar da aka buɗe Galmi, wasu biyu kuma, Levey da Jennings, suka kawo dabara ta biyu, wadda suka aro daga masana'antu, inda wani injiniya mai suna Shewhart ya ƙirƙiro ta a 1924 don kamfanin tarho. Ga yadda take. Ana ajiye wani samfurin jini da aka riga aka san awonsa. Kullum safe, kafin a taɓa jinin majinyaci, sai a auna wannan sananne, a ɗiga ɗigo a kan takarda mai layi a tsakiya da iyaka sama da ƙasa. Muddin ɗigon na yawo kusa da layin tsakiya, na'ura lafiya lau. Ranar da ya tsallake iyaka, ko aka ga kwana da kwanaki yana ta jirkicewa gefe guda, sai a dakatar da aiki a nemi dalili: ko sinadari ya lalace, ko na'ura ta gaji, ko hannun ma'aikaci ya sauya. A 1981 James Westgard ya tsara ƙa'idojin karanta waɗannan ɗigo, har yau da su ake aiki. Ke nan awo biyu ne ke tsaron awo: na cikin gida kullum, da na waje, wanda wani ke aiko maka ba ka san amsarsa ba.

A ƙasarmu, ciwon da ya fi koya mana darajar wannan tsari shi ne sanƙarau. Ƙwayar cutar iri-iri ce, an raɗa musu haruffa, A da C da W da X, kuma rigakafin wani iri ba ya tsare mutum daga wani. Ido ba ya bambanta su, yaro dai wuyansa ya sandare. Cibiyar CERMES ta Yamai, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 don binciken sanƙarau da tsargiya, ta fara tun 2002 karɓar ruwan gadon baya daga gundumomi tana tantance irin ƙwayar. Tsakanin 2010 da 2011 aka yi wa jama'a rigakafin MenAfriVac, irin A ya kusa ɓacewa, muka ɗauka an gama. Sai ga irin C ya ɓullo a jihar Sakkwato a 2013, a 2015 ya afka wa Nijar: kimanin mutum 8,500 suka kamu, fiye da 570 suka rasu. Ɗakin awo ne ya faɗa cewa wannan baƙo ne, a nemo wani rigakafin.

Amma a lura da tafiyar wannan ɗan kwalba. Daga Ƙonni zuwa Yamai kusan kilomita 420 ne, daga ƙauyen Illela sai an fara fitowa kwalta. Idan an rubuta sunan wani a kwalbar wani, ko ta kwana a rana a tasha, na'urar Yamai komai tsadarta ba ta da abin yi. Yawancin kurakuran awo a nan suke faruwa, kafin jini ya isa na'ura, ba a cikinta ba.

Masassarar sauro kuwa sai a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ƙara ba da magani sai an auna. Shi ya kawo TDR har ƙananan ɗakunan likita na karkara. Wannan 'yar roba tana ɗauke da nata mai gadi: layin da ke gefen harafin C. Idan bai fito ba, awon ya ɓaci, ko da ɗayan layin ya fito. Tana da lokacin karantawa, minti 15 zuwa 20 gwargwadon irinta, wanda ya karanta bayan awa guda zai iya ganin layin ƙarya. Tana da iyakar zafin da take jurewa, wasu digiri 30, wasu 40, mu kuwa mun san abin da ɗaki mai rufin kwano ke zama a watan Afrilu. Sannan takan ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan yaro ya warke. Madubi ma yana da nasa sharuɗɗa: launin da ake rina jini da shi ya zama sabon haɗi, ruwan ya zama daidai, mai leƙe ya duba gurbi 100 kafin ya ce babu. Tsarin da aka shimfiɗa shi ne a riƙa ajiye gilasan, wata-wata a ɗibi wasu a kai wa wani ƙwararre ya sake dubawa ba tare da ya san amsar farko ba.

Awon taifot ne ya fi ba ni haushi. Wanda aka fi yi mana, na Widal, tun 1896 aka ƙirƙiro shi a Faransa. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jiki ya bari ce bayan ya taɓa karo da ita ko da danginta, kuma a ƙasa irin tamu mutane da yawa masu lafiya na ɗauke da wannan alama. Masassarar sauro ma kan sa ya nuna ƙarya. A ganina, kuɗin da iyaye ke zubawa a maganin taifot bisa wannan takarda kaɗai, a Ƙonni da ƙetaren iyaka, ya isa a yi kuka a kai.

Gwamnatocin Afirka sun farga a makare. A 2008 aka yi sanarwar Maputo kan ƙarfafa ɗakunan awo, a 2009 a Kigali aka ƙaddamar da tsarin ba su taurari, daga ɗaya zuwa biyar, gwargwadon kusantarsu da ma'aunin duniya na ISO 15189. Abu ne mai kyau, sai dai tauraro ya fi saurin sauka a babban birni. A gunduma, ingancin awo ya rataya ne ga man babur ɗin mai sa ido da kuma firjin sinadarai. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, na sha tunanin abin da ke cikin waɗannan firji.

Ita ƴar tawa, washegari na koma wurin majo da takardun biyu. Ya duba, ya ce, "Malam, kada ka ba ta ko ɗaya tukuna." Ya sake yin TDR a gabana daga sabon kwali, ya nuna mini ranar ƙarewarsa, ya aje agogo. Layin C ya fito shi kaɗai. Sannan ya yi abin da ba wanda ya yi jiya, ya haska kunnenta da fitila. Kunnen hagu ya kumbura, ya tara ruwa. Kwana biyar tana shan maganin da ya rubuta, ta koma makaranta.

Takardar ɗakin awon kuɗin tana nan cikin jakata. Na koma can sau ɗaya na tambayi saurayin da ke wurin ko akwai mai zuwa ya sake duba gilasansu. Ya ce gilashi ai wankewa suke yi da yamma su sake amfani da shi.