Maɗaba'ar Gaskiya ta Zariya da Tsaron Baƙaƙen Hausa

A watan Janairu na 1939 ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Dokta R. M. East yana jagorancin aikin, Malam Abubakar Imam kuma yana editan Hausa. Galibi idan ana tarihinta, marubuta ake ambata. Amma ba a yi wa tarihin adalci ba in an bar masu tsara shafi da masu ɗab'i, domin ta hannunsu ne rubutun boko ya sami kamannin da aka san shi da su.

Babbar matsalarsu ita ce baƙaƙe uku masu ƙugiya, watau ɓ, ɗ da ƙ. Kafin a tsayar da su a shekarun 1930, wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu kuma waƙafi a gefensa. Haruffan dalma da ake sayowa daga Ingila domin Turanci aka yi su, saboda haka tilas a tanadi na Hausa musamman. Wannan kuwa ba ado ba ne, gama ƙugiya ce ta raba ƙura da kura, ta raba ɗaka da daka.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aka gina masa maɗaba'a a Tukur-Tukur. Edita yakan miƙa rubutu, masu haɗa baƙi su jera shi, a buga gwaji, a duba kurakurai, sa'an nan mai tsara shafi ya auna gurbin kanu da na zane kafin a ɗora a kan na'ura. Jarida ba ta jira. Kuskuren da ya tsallake gwaji ya shiga kowane kwafi ke nan.

Nauyi ya ƙaru a 1948 da aka fara Nigerian Citizen. Ya daɗa ƙaruwa a zamanin hukumar NORLA, wadda aka rufe a 1959, lokacin da Yaƙi da Jahilci ya bukaci littattafan koyon karatu da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. Sodangi ita ce jaridar lardin da ya ƙunshi Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Magidancin da ya fara karatu da girma ba ya iya cankar kalmar da aka ɓata. Abin da ya gani a takarda, shi zai ɗauka daidai ne.

Don haka ƙa'idar rubutu ba a teburin masana kaɗai ta kafu ba, har da ɗakin ɗab'i. Yau kwamfuta ta maye gurbin dalma, ga baƙaƙen uku cikinta a sauƙaƙe, amma sau da yawa ana buga Hausa babu su. Abin da magabata suka tsare da wahala, bai kamata a zubar da shi cikin sauƙi ba.