Neman Bakin Zaren Yatsan da Ke Maƙalewa

Gwaggona ta fi shekara talatin tana ɗinkin hula. Wata safiya ina zaune kusa da ita, ta gama alwala ta ajiye buta, sai na ga yatsanta na zobe ya ƙi miƙewa, ya lanƙwashe cikin tafin hannu kamar ƙugiya. Ta sa ɗaya hannun ta ɓamɓaro shi a hankali, ya yi ƙas ya miƙe, ta runtse ido. Na ce, "Gwaggo, tun yaushe ake haka?" Ta ce, "Rabu da shi, ɗan nan, sanyi ne. In hantsi ya dubi ludayi zai saki." Kuma da gaske yakan saki, shi ya sa ta kwashe watanni tana shafa man zafi tana haƙuri. Ba ta san cewa likitoci sun fi shekara 170 suna bin diddigin wannan ciwo ba, har suka kai ga maganinsa.

Wanda ya fara rubuta bayaninsa dalla-dalla wani matashin likita ne a birnin Paris, Alphonse Notta, almajirin shahararren likitan tiyata Auguste Nélaton. A 1850 ya wallafa labarin mutum huɗu da yatsunsu ke tsayawa a tsakiyar tafiya, sannan su fizge gaba ɗaya. Ya lura cewa in an danna gindin yatsan, a tafin hannu, akan ji ɗan ƙululu yana motsi tare da jijiyar da ke jan yatsa. Har gobe likitoci na kiran ƙululun da sunan Notta. Faransawa suka raɗa wa ciwon suna yatsa mai sifirin, masu magana da Ingilishi kuma suka kwatanta shi da kunamar bindiga, saboda yadda yake tsayawa sannan ya tashi farat ɗaya.

Notta ya ga ciwon, amma abin yi kaɗan ne a zamaninsa. Shekara huɗu ke nan kacal da fara sa wa majinyaci maganin barci kafin tiyata, kuma sai a 1867 Joseph Lister ya fito da hanyarsa ta kare rauni daga ƙwayoyin cuta. Kafin nan, duk wanda aka tsaga wa tafin hannu yana iya ƙarewa da ruɓar da za ta cinye hannun. Don haka aka tsaya ga hutar da yatsa, da ɗaure shi, da gasa shi.

Fahimtar ciwon ta zo ne da fahimtar ginin hannu. Duk wanda ya taɓa jan farar jijiyar ƙafar kaza yana yaro, ya ga 'yan yatsunta suna dunƙulewa, ya san rabin labarin. Naman da ke lanƙwasa yatsunmu yana can a damtsen ƙasa, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, dogayen jijiyoyi ne ke kai ƙarfinsa zuwa yatsu. Kowace jijiya tana bi ta cikin siririyar kafa, kamar zariya a ƙubakar wando. Idan bakin ƙubakar ya tsuke, ko zariyar ta yi ƙulli, ja zai yi wuya, in ƙullin ya wuce da ƙyar kuma dawowa ta zama aiki. A 1895 Fritz de Quervain, likita ɗan Suwizalan, ya bayyana irin wannan tsukewa a wuyan hannu ta wajen babban yatsa, abin da ya ƙara jawo hankali ga kafar da jijiya ke bi. A 1972 John Hueston na Ostareliya da abokin aikinsa Wilson suka kawo misalin da gwaggona za ta fi kowa ganewa: zaren da ake ta ja ta matsattsen kunnen allura, yakan tattare ya cure a bakin ramin. Haka ƙululun Notta ke samuwa.

A 1975 James Doyle da William Blythe suka tsara zobban da ke riƙe jijiyar a jikin ƙashi, suka ba su lambobi. Wannan tsari ya fayyace wa likitan tiyata abin da zai taɓa da wanda zai bari. Zobe na farko, A1, da ke gindin yatsa, shi ne inda ake maƙalewa, kuma ana iya tsaga shi yatsa ya ci gaba da aikinsa. Na biyu da na huɗu kuwa su ne ginshiƙai, in aka yanke su jijiyar za ta ɗago daga ƙashi kamar tsirkiyar baka, yatsa ya rasa ƙarfin damƙa. Daga baya, a 1991, binciken da aka yi da madubin likita ya nuna cewa zoben A1 na masu ciwon yakan yi kauri har ya fara rikiɗa kamar guringuntsi, sakamakon gogayya ta yau da gobe.

Ta fuskar magani, babban sauyi ya faro ne daga wani ciwon daban. A 1948 Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya gwada sinadarin kotizon a kan wata mata mai ciwon gaɓoɓi, ta samu sauƙi mai ban mamaki, aikin da ya sa shi da Edward Kendall da Tadeus Reichstein suka sami lambar Nobel a 1950. A 1953 Lot Howard da Donald Pratt da Sterling Bunnell, wanda ake ɗauka uban tiyatar hannu a Amurka, suka ba da rahoton amfani da ɗan'uwan sinadarin a cututtukan hannu. Tun daga nan allura a gindin yatsa ta zama matakin farko ga yawancin masu ciwon, kuma fiye da rabinsu kan samu sauƙi da ita.

Tiyatar ma ta yi ta ƙanƙancewa. A 1958 Lorthioir na Beljiyam ya nuna cewa ana iya tsaga zoben da siririyar wuƙa ta cikin fata, ba sai an buɗe tafin hannu ba. A 1992 Eastwood da abokan aikinsa suka yi hakan da tsinin allura kawai. Likitoci da dama dai sun fi son ɗan tsagi na santimita ɗaya ko biyu, musamman a babban yatsa, inda jijiyar ji ke gittawa dab da wurin, domin ido ya ga abin da wuƙa ke yanka. Fiye da tara cikin goma na waɗanda aka yi wa wannan aiki kan rabu da maƙalewar. Sai kuma Donald Lalonde na Kanada ya karya wata tsohuwar dokar makarantun likita da ta hana sa sinadarin adirenalin a yatsa. A 2005 shi da abokansa suka wallafa sakamakon aiki 3,110 da aka yi da shi a hannu da yatsu, ba a rasa yatsa ko ɗaya ba. Saboda haka yau majinyaci yana farke, an kashe masa wurin kawai, likita zai ce ya dunƙule hannu ya buɗe, su tabbatar tare cewa an saki kafin a ɗinke.

Akwai darasi guda da ya fi shafarmu. Mutum biyu zuwa uku cikin ɗari kan gamu da wannan ciwo a rayuwarsu, mata sun fi maza, galibi daga shekara 40 zuwa 60. A cikin masu ciwon suga kuwa adadin yakan kai ɗaya cikin goma, sau da yawa a yatsu fiye da ɗaya. Allurar ba ta cika yi musu aiki kamar sauran mutane ba, tana kuma iya ɗaga sugan na 'yan kwanaki, don haka dole likita ya sani tun kafin ya yi ta. Yatsan da ke maƙalewa ba targaɗe ba ne, ba karaya ba, ja da murzar mai ɗori ba za su faɗaɗa zoben da ya tsuke ba. Barin sa a lanƙwashe tsawon lokaci kuma yana iya sandarar da gaɓar tsakiya, har ta ƙi miƙewa sosai ko bayan aiki.

Da ƙyar muka shawo kan gwaggo ta je asibiti. Likitan ya danna gindin yatsan, ya ce ta motsa, ya ji ƙululun nan da Notta ya ji a 1850. Kafin komai ya tura ta gwajin jini, a nan aka gano sugan da ta daɗe tana ɗauke da shi ba ta sani ba. Da aka daidaita shi aka yi mata allura, aka ba ta ɗan abin ɗaure yatsa da dare. Bayan 'yan makonni na same ta a ƙarƙashin darbejiya, hula a cinya, tana zura zare a kunnen allura. Ta ɗaga hannun ta dunƙule ta buɗe sau uku don in gani, ta ce, "Ɗan nan, ashe yatsan nan saƙo ya kawo mini."